Yadda Za Ka Saita Manhajar Duba Cutar Rogo

Yau zancenmu a kan Nuru ne, wata manhajar waya da jami'ar Penn State ta Amurka ta shirya tare da cibiyar IITA ta Ibadan. Aikinta duba ganyen rogo, ta gaya maka cutar da ta kama shi.

To, ga yadda za ka yi. Ka sami wurin da sabis ke da ƙarfi, ka sauke ta daga Play Store. In ba ka iya ba, sa yaronka, ba abin kunya ba ne. Za ta nemi izinin amfani da kyamara, ka amsa mata. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, su danna "a'a" don tsoro, daga baya su ce abin ba ya aiki. In ka gama saita ta, ko babu sabis a gona za ta yi aiki.

A gona, fara goge idon kyamara da bakin rigarka. Kada ka dogara da ganye ɗaya. Duba na sama, duba na ƙasa, kamar guda shida a gindi ɗaya.

In ta nuna cutar da ke murɗe ganye ya yi dabbare-dabbare, kada ka kashe kuɗinka wajen sayen maganin feshi, ba ya warkar da ita. Tumɓuke gindin, kada kuma ka ɗebi iri daga gare shi. Kafin nan, nuna wa malamin gona ya gani da idonsa.