Yadda Ɗalibi Zai Ƙara Yawan Kalmominsa na Turanci



Wannan jawabi ya shafi ɗalibai da iyayensu da malamansu a ko'ina cikin Nijeriya. Turanci shi ne harshen aikin Gwamnatin Tarayya, kuma da shi ake rubuta yawancin jarrabawar fita sakandare. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta Turanci a kan duk mai neman shiga jami'a, kowane fanni zai karanta. Sau da yawa yaro mai ƙwazo yakan faɗi a lissafi ko kimiyya alhali ya san darasin, don kawai bai bambance "define" da "explain" da "compare" a cikin tambaya ba. Watau ƙarancin kalmomi yana iya jawo asarar wahalar shekara shida.

Masana sun yi ƙiyasin yawan kalmomin da ake bukata. A 1953 wani malami Bature, Michael West, ya wallafa jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda suka fi yawan fitowa cikin Turanci, kuma su ne kimanin kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum. A 2006 kuma Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana bukatar kalmomi 8,000 zuwa 9,000, kowace da 'ya'yanta. Tsakanin waɗannan adadi biyu aikin ɗalibi yake.

Hanya ta farko ita ce yawan karatu. Kalma ba ta zama a kai sai an ci karo da ita sau da dama cikin jimloli dabam-dabam. Ya kamata ɗalibi ya zaɓi littafin da ya san yawancin kalmominsa, ya riƙa karantawa kullum ko da shafi biyar ne. Littattafan marubutan ƙasar nan sun fi sauƙin shiga, domin rayuwar da ke cikinsu sananniya ce. Misali akwai The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960, da Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958.

Ta biyu ita ce sanin ginin kalma. Bahaushe ya san yadda "noma" ke haifar da "manomi", "rubuta" ta haifar da "marubuci". Haka Turanci yake, sai dai shi a ƙarshe yake yin ƙarin, "farm" ta zama "farmer", "write" ta zama "writer". Ƙarin "un" a farko yana juya ma'ana, "re" kuwa yana nuna maimaici. Har ila yau saiwar "port" daga Latin take, ma'anarta ɗauka, kuma wanda ya san haka ya sami mabuɗin "import" da "export" da "transport" da "porter" a lokaci guda.

Ta uku, lalle a koyi kalma tare da abokan tafiyarta. A nan ne Bahaushe ya fi yin tuntuɓe. Da Hausa ana shan ruwa, ana shan magani, ana shan taba, amma Bature yakan ce "drink water", "take medicine", "smoke a cigarette". Kalmar "ji" kaɗai tana iya zama "hear" ko "feel" ko "smell". "Aro" kuma ya rabu biyu: mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend". Saboda haka fassarar kalma da kalma ba ta isa ba, sai an rubuta jimla cikakkiya.

Ta huɗu ita ce ƙamus da ɗan littafin aljihu. Mai farawa yana iya dogara da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, na 1965, ko ƙamusun Roxana Ma Newman na 1990. Idan ya yi nisa, sai ya koma ga ƙamusun Oxford na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya tsara, domin yana nuna lafazi da misalai. Duk sabuwar kalma a rubuta ta da ma'anarta da jimla guda, a sake duba ta washegari, da bayan mako, da bayan wata, saboda abin da ba a bita ba saurin gushewa yake yi. Kalma biyar a rana ta zama 1,825 a shekara.

Iyaye su ma suna da nasu rabo, ko da ba su jin Turanci. Su ware wa yaro lokacin karatu bayan sallar isha'i, su saya masa ƙamus kamar yadda suke saya masa rigar makaranta, sa'an nan su sa shi ya faɗa musu da Hausa abin da ya karanta. Wannan yana tabbatar da ya fahimta, kuma yana ƙarfafa harsunan biyu tare. Malamai kuma su karɓi littafin aljihun nan su duba a ƙarshen kowane mako.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da zai zauna jarrabawa baɗi, yau ya kamata ya buɗe littafinsa. Allah ya ba da sa'a, amin.