Kumburin da Ba Ya Jira

Yau zancen yaranmu za mu yi.

Akwai wani ciwon daji na kaluluwa da likitoci ke kira Limfomar Bakit, da sunan Dakta Denis Burkitt wanda ya bayyana shi a Yuganda a 1958. Ya fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma maza sun fi yawa. Yana da alaƙa da yawan zazzaɓin cizon sauro, mu kuwa da muke kusa da Dam ɗin Tiga da dajin Falgore ba sai an gaya mana labarin sauro ba.

To, yaya za ki gane shi? Muƙamuƙin yaro ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ko ido ya turo. Wani kuma a ciki yake fitowa, a hanji ko ƙoda ko wata 'yar tsoka da ke saman ƙoda, sai ki ga ciki yana girma yaro yana ramewa. Saurinsa shi ne abin tsoro, domin cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya ninkawa. Hangum yakan sauka da kansa, wannan kuwa gaba yake yi. Don Allah kada a kira wanzami ya yi sakiya, babu mugunya a ciki.

Ki gaya wa Maigida ran nan, a tafi asibiti. Za a tura ku Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. A can za a ɗauki hoton ciki, a tsakuro ɗan nama a duba, sannan a fara magani ta jijiya.

Ga inda nake so ki kasa kunne, Uwargida. Bayan allurar farko kumburin kan sace kamar an yi wasa. Sai dangi su ce ai ya warke, ga amai, ga gashi na zuba, ga kuɗin mota, a bar shi ya huta. A nan ake asarar yara. Ciwon yana nan a ɓoye, in ya dawo kuma ya fi wuyar magani. Gashi zai sake tsirowa. Ki adana katin asibiti a ƙasan adaka, ki riƙa tuna wa Maigida ranar komawa, har sai likita da bakinsa ya ce an gama.