Jawabin Buɗe Ɗakin Koyon Jinya da Ungozomanci da Fasahar Gani-Kamar-Gaske



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ara mana rai da lafiya har Ya tara mu a wannan wuri. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, Mai martaba Sarki, uban ƙasa, Allah Ya ja zamaninka, mai girma Kwamishinan Lafiya, shugabar wannan kwaleji da malamanta, iyayenmu tsofaffin ungozomai da ma'aikatan jinya, waɗanda da yawa daga cikinmu a hannunsu muka faɗo duniya, 'yan jarida, sai ku ɗalibai, 'ya'yana, waɗanda dominku aka yi wannan taro. Ina gaishe ku baki ɗaya, kowa da girmansa.

Nan da ɗan lokaci Mai martaba zai yanke ƙyalle ya buɗe ɗakin da muka zo dominsa. Kafin nan, an ɗora mini nauyin in bayyana abin da ke cikin ɗakin, da dalilin da ya sa kwalejin da ke horar da ungozomai da ma'aikatan jinya ta ga ya cancanci a kashe masa kuɗi, da kuma haƙƙin da ya rataya a wuyanmu daga yau.

Wanda ya shiga ɗakin zai tarar da wasu tabarau masu kauri da ake ɗaurawa a kai su rufe idanu ruf, da 'yan na'urori biyu da ake riƙewa a hannu. Wannan ita ce fasahar gani-kamar-gaske, wadda aka fi sani da VR. A cikin tabaran, kowane ido ana nuna masa nasa hoton, da ɗan bambanci kaɗan tsakaninsu. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa biyun, sai mutum ya riƙa ganin na kusa da na nesa. Akwai kuma na'urorin da ke bibiyar motsin kai da na hannu. Idan ka waiwaya, kwamfuta za ta sake zana abin da ya kamata ka gani, sau 72 ko 90 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya. Da haka ɗaliba za ta tsinci kanta a ɗakin haihuwa, ga gado, ga mai naƙuda, ga kayan aiki a kan tire, ta miƙa hannu ta ɗauka, alhali tana tsaye a nan cikin kwaleji.

Tunanin da ya haifi wannan abu ya kusa shekara ɗari. A shekarar 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati mai siffar jirgin sama, ya sa masa zugazugai irin na masana'antar kayan kiɗan mahaifinsa, yana karkata dama da hagu kamar jirgi a cikin iska. A Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan Amurka fiye da 500,000 sun yi horo a cikin irin wannan akwati. Hikimarsa guda ce: matuƙi ya yi kuskurensa a ƙasa, inda kuskure ba ya cin rai. A 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa tabarau na kwamfuta a Jami'ar Harvard, maƙale da wani hannun ƙarfe da ya sauko daga silin, kuma abin da suke nunawa bai wuce zanen akwati na 'yan layuka ba. A 1993 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi amfani da fasahar wajen shirya ma'aikatanta gyaran madubin hangen nesa na Hubble. Duk tsawon wannan lokaci galibi abu ne na sojoji da manyan jami'o'i saboda tsadarsa. Sai a 2012 wani matashi, Palmer Luckey, ya fito da tabaran Oculus, kamfanin Facebook ya sayi kamfaninsa a 2014 kan kimanin dala biliyan 2. Daga nan farashi ya yi ta sauka, har ta kai yau kwaleji irin tamu ta iya mallaka.

Ya ku manyan baƙi, kuna da damar ku tambaya: shin wannan abu yana koyar da aiki, ko kuwa wasan yara ne aka sauya wa suna? Masana sun gwada. A 2002 aka wallafa wani bincike daga Jami'ar Yale, inda aka raba likitoci 16 masu koyon tiyata gida biyu. Kashi ɗaya suka yi atisaye a kan na'urar kwaikwayo ta kwamfuta, ɗayan kashin suka tsaya ga horon da aka saba. Da aka kai su ga aikin cire matsarmama a jikin marasa lafiya na gaske, waɗanda suka yi atisayen sun fi sauri da kashi 29 cikin ɗari, kurakuransu kuma sun gaza na 'yan'uwansu har ninki shida.

A 2022, a birnin Riyo na ƙasar Burazil, an raba wasu tagwaye da aka haifa kawunansu a haɗe. Kafin a taɓa yaran, likitocin Burazil da Dakta Noor ul Owase Jeelani na asibitin yara na Great Ormond Street a Landan sun shafe watanni suna gwada aikin a kan siffar kawunan da aka gina daga hotunan asibiti. Kowa yana ƙasarsa sanye da tabarau, amma suna haɗuwa a ɗakin tiyata guda na cikin kwamfuta. Aikin ƙarshe ya ɗauki fiye da sa'o'i 27, da ma'aikata kusan 100, kuma Allah Ya ba da nasara.

Amfanin bai tsaya kan ma'aikata ba, ya kai ga majinyata. A asibitin Harborview na birnin Siyatil, Hunter Hoffman da David Patterson sun riƙa sa wa masu ƙuna tabarau a lokacin wanke ciwo, su shiga wata duniya ta dusar ƙanƙara. Hankalin mutum yana da iyaka, idan ya tafi can sai abin da ya rage wa raɗaɗi ya ƙaranta. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani tsari na wannan fasaha domin masu fama da ciwon baya mai naci.

Yanzu bari mu dawo gida, domin nan ne maganar ta fi nauyi. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya mata 1,047 ne suka rasa rayukansu. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a duniya a wannan shekara, 'yan ƙasar nan ne. Babu wanda ke zaune a wannan rumfa da bai taɓa zuwa ta'aziyyar wadda ta tafi a kan gwiwa ba. Kan gaba a cikin abubuwan da ke ɗauke su shi ne zubar jini bayan haihuwa.

Abin farin ciki, an san maganin wannan. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. Sun nuna cewa idan aka auna jinin da ke zuba da leda mai ma'auni aka gane hatsari da wuri, sannan aka yi matakan ceto a tare ba ɗaya bayan ɗaya ba, wato murza mahaifa, da allurar tsuke ta, da allurar tsayar da jini, da ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba idan abin ya faskara, to mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa na raguwa da kashi 60 cikin ɗari. Haka batun jaririn da aka haifa bai yi kuka ba: ƙa'idar ita ce a cikin minti ɗaya na farko ya zama yana numfashi, ko an fara hura masa iska da jaka da marufin hanci.

Ku lura, duk waɗannan matakai ɗalibanmu suna iya haddace su su rubuta a jarrabawa. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfe biyun dare a ƙaramin asibitin ƙauye, jini yana malala, dangi suna salati a bakin ƙofa, likita yana nesa, ungozoma kuma ita kaɗai. A wannan lokaci babu sararin tuna shafin littafi. Hannu ne ke aiki, kuma hannu ba ya yin sai abin da ya saba. Ɗaliba na iya gama karatunta ba ta taɓa jagorantar ceton mai zubar jini ko mai jijjiga ba, domin ba a yin odar irin wannan haihuwa, kuma idan ta zo ba a miƙa ta ga mai koyo. Wannan giɓi ne ɗakin nan ya zo ya cike. Shi allo ne irin na makarantar allo: a rubuta, malam ya gyara, a wanke, a sake, har karatu ya zauna. A nan ɗaliba za ta makara wajen ba da allura, ta ga sakamakon makararta da idonta, a nuna mata inda ta kauce, ta sake daga farko, ba tare da an yi asarar uwar kowa ba. Gani ya kori ji.

Kuma ba mu ne farkon gwadawa a ƙasar nan ba. Masana daga Jami'ar Legas da Jami'ar Washington sun gwada wani darasin farfaɗo da jarirai da ake yi da wayar hannu a cikin tabarau masu araha, tare da ma'aikatan jinya da ungozomai a Legas da kuma Kenya, kuma ma'aikatan sun karɓe shi hannu biyu.

Sai dai amana ce in faɗi iyakar wannan fasaha. A ƙarshen 2021 hukumomin Saudiyya suka fito da tsarin da ke ba mutum damar ganin Hajarul Aswad ta cikin irin waɗannan tabarau. Hukumar harkokin addini ta Turkiyya ta yi bayani cewa wannan ziyara ce ta ido, ba ta sauke farali, dole sai ƙafa ta taka ƙasa mai tsarki. Haka abin yake a aikinmu. Tabarau ba za su koya wa yatsu bambancin mahaifar da ta tsuke da wadda ta saki ba, ba za su koyar da neman jijiya a hannun da ya yi sanyi ba. Ba za su koyar da tausasa harshe ga yarinyar da ke haihuwar fari tana cikin firgici ba. Waɗannan sai a gefen gado, a gaban wadda ta riga ku. Bayan haka wasu suna jin jiri ko tashin zuciya idan sun daɗe da tabaran, saboda ido yana cewa ana tafiya, ma'aunin cikin kunne yana cewa ana tsaye. Don haka a riƙa gajarta zama, a bar mai jin jiri ya huta, a kuma goge tabaran tsakanin mutum da mutum.

Mai girma Kwamishina, roƙona gare ku shi ne a sa kula da ɗakin nan a cikin kasafin kowace shekara. Sayen na'ura shi ne mafi sauƙi. Tana buƙatar wutar sola da batir, da ma'aikacin da ya iya gyara, da sabunta darussa. Mun sha ganin kayan aiki masu tsada da aka buɗe da kiɗa da tafi, bayan shekara ƙura ta rufe su saboda ƙaramin abin da ya lalace. Kada wannan ya shiga sahunsu.

Shugabar kwaleji da malamai, ku sa ɗakin a cikin jadawalin darasi, kowane aji da ranarsa. Kada tsoron lalacewa ya sa a kulle shi sai ranar da baƙi suka zo. Ku buɗe ƙofarsa ga ma'aikatan da ke ƙananan asibitocin karkara su riƙa zuwa suna sabunta hannu, domin ƙwarewar da ba a maimaitawa dusashewa take yi cikin 'yan watanni. Kuma bayan kowane atisaye a zauna a tattauna abin da ya faru, domin a wannan zama ne rabin karatun yake.

Ina kuma kira ga matasanmu masana kwamfuta da masu shirya fim. Yawancin darussan da ke cikin na'urorin nan an gina su ne a kan asibitocin Turai da Amurka. Muna son ɗakin haihuwa irin namu, da kayan da muke da su, da majinyaciyar da za ta faɗi ciwonta da Hausa, da mijin da za a nemi ya ba da jini. Wannan bai fi ƙarfinku ba. A 2019 ɗan Nijeriya Joel Kachi Benson ya ci kyauta a bikin fina-finai na Benis da ke Italiya da wani fim na wannan fasaha a kan iyayen 'yan matan Chibok. Hannun da ya iya wannan zai iya gina darasin ceton rai.

'Ya'yana ɗalibai, ku shiga ɗakin nan da niyyar ibada. Ku ɗauki matar da ke cikin tabarau tamkar mai rai: ku yi mata sallama, ku nemi izininta, ku suturta ta, domin ɗabi'ar da kuka saba a nan ita za ku kai gadon asibiti. Kada ku ji kunyar kuskure a gaban malamanku, an gina ɗakin ne domin kuskurenku ya ƙare a cikinsa. Ranar da za a san ko kuɗin nan ya yi amfani ita ce ranar da ɗayarku za ta tsayar da jinin wata baiwar Allah a garin da ba likita, ta koma gida ta shayar da ɗanta.

Ina godiya ga gwamnati da duk waɗanda suka ba da dukiyarsu ko lokacinsu har aka kai ga wannan rana. Allah Ya saka da alheri, Ya sa albarka a cikin wannan ɗaki da waɗanda za su koya a cikinsa. Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya abin da suka haifa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah Ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, Ya mai da kowa gidansa lafiya.