Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Horar Da Dokin Dogon Zango



An nemi in yi tsokaci a kan horar da doki don doguwar tafiya. Maganar tawa guda ce: juriya ba a sayenta a kasuwa tare da doki, gina ta ake yi sannu a hankali.

A wasu ƙasashe doguwar tafiya a kan doki wasa ce mai zaman kanta. Gasar Tevis, wadda aka fara a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1955, tafiyar mil 100 ce, wato kimanin kilomita 160, cikin sa'o'i 24. A irin waɗannan gasanni, inda dawakin Larabawa suka fi yin fice, ana tsayar da doki a zango-zango likitan dabbobi ya duba shi. Galibi ba a barinsa ya ci gaba sai bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya, wanda kuma aka ga yana ɗingishi, ko shi ne kan gaba, fitar da shi ake yi.

Jama'a, abin lura shi ne jikin doki ba ya ƙarfafa lokaci guda. Zuciya da tsoka sukan ware cikin 'yan makonni, amma jijiyoyin ƙafa da ƙashi sai sun ɗauki watanni masu yawa. A nan ne mahayi kan ruɗu: zai ga dokinsa yana zumuɗi, ba ya haki, sai ya sakar masa linzami, alhali ƙafafun ba su ƙosa ba. Shi ya sa dokin da ya shekara ɗaure a turke, ranar hawan Sallah a tashe shi da sukuwa, sau da yawa yakan wayi gari da kumburarriyar ƙafa.

Magani shi ne kilisa. A fara da tafiya kawai, kwana uku ko huɗu a mako, da sassafe ko da la'asar sakaliya. Bayan wasu makonni a surka da sassarfa. A riƙa ƙara nisa ko sauri, amma kada a ƙara su biyun tare. A ba shi ranakun hutu, domin a lokacin hutun ne jiki ke gyara kansa. Yashi mai zurfi yana gajiyar da jijiya, a shiga shi da taka tsantsan. Ɗan doki kuwa, kada a ɗora masa dogon zango kafin ya kai shekara biyar ko shida.

Sai batun ci da sha. Harawa da ciyawa su ne tushen abincinsa. Gero, dawa da dusa ƙari ne gwargwadon aiki, kuma a hankali ake sauya su don gudun ciwon ciki. Doki yakan sha lita 25 zuwa 50 a yini, ya zarce haka a zafin bazara. Gumi yana fitar da gishirin jikinsa, saboda haka kada gishiri ya yanke a barga. In ka tsunkuli fatar wuyansa ka saki, ba ta koma nan take ba, ƙishirwa ta kama shi. A duba kofato kullum, a kuma tabbatar sirdi ba ya cin bayansa.

Ina roƙon ƙungiyarmu ta riƙa gayyato likitan dabbobi wata biyu kafin kowane hawa, ya duba dawakin gari, ya kuma koya wa yaran barga ƙirga bugun zuciya. Iyayenmu da suka ratsa ƙasashe a kan doki sun san cewa sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ja zamanin Hakimi, Ya ƙara haɗa kanmu.