Ɗakin Jariri a Gidan da Aka Dawo Aka Tarar Babu Komai

Daga shirin mata da iyali na safiyar Laraba. Mai maganar ungozoma ce da ta daɗe a aikin, tana kuma ɗinki, mazauniyar wata unguwa kusa da Mantiƙa Sinaiya a Khartum. Mun buga maganarta kamar yadda ta yi, sai ɗan taƙaitawa.

Iyayena mata, ƙannena, 'ya'yana, da mazan da suka laɓe suna saurare, ina yi muku barka da hantsi. Na Omdurman da Bahri, na Maiwurno da Gadarif da Kasala, har ku da ke can Abeshe da Maraɗi da Kano, duk ina gaisuwa.

Yau a kan saƙon wata yarinya zan yi magana. Ba zan faɗi sunanta ba. Ta ce mini: "Inna, cikina wata takwas. Mun dawo gida bayan shekara biyu muna gudun hijira, mun tarar ko ƙofa an cire. Akwatin da uwata ta haɗa mini babu shi. Maigida yana jin kunyar ranar suna tun yanzu, ni kuma ba na barci. Me zan tanada?"

To 'yata, share hawayenki. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da wannan yaƙi ya tashi, gidaje nawa ne a Khartum ba su ga irin abin da kika gani ba? Kuma ki tuna daga inda muka fito. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, waɗanda suka kafa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, da waɗanda suka yi shekaru a hanyar Makka a ƙasa, a hanya suka haifi iyayenmu, a ƙarƙashin rumfa. Ba su da shago, amma suna da allura da hankali. Abin da zan ba ki ke nan yau.

Mu fara da wurin. Jariri ba ya bukatar ɗaki nasa shi kaɗai, wannan a talabijin kike gani. Abin da ya fi masa shi ne ya kwana a ɗakinki, kusa da hannunki, amma a shimfiɗarsa daban, aƙalla wata shida na farko. Zaɓi kusurwar da iska ke ratsawa, wadda rana ba ta dukan bangonta da yamma. Kin san zafin Khartum a watan Mayu da Yuni, ya wuce digiri 40, bangon yamma kuwa yana riƙe zafi har tsakar dare. Ki ɗinka labule mai kauri ga tagar saboda ranar da habub zai taso, ki sauke shi kafin ƙurar ta shigo.

Bango kuma, idan ya yi baƙi ko ya tsage, a lilliƙe shi a shafa farar ƙasa, wadda a nan muke ce wa jir. Ta fi araha, ta fi sanyi. Ki guji ragowar fentin mota ko na ƙarfe da maigida zai samo a gareji. Irin wannan fenti sau da yawa akwai dalma a ciki, dalma kuwa gubar ƙwaƙwalwar yaro ce. 'Yan uwanmu na Zamfara sun ga abin da ta yi a 2010, yara ɗaruruwa suka tafi. A yi shafen yanzu, a bar ɗakin a buɗe ya sha iska kafin haihuwa.

Sai gado. A nan Allah ya yi mana gata, domin angarib ya fi ƙarfin kowane gadon shago. Maigida ya je wurin kafinta a Mantiƙa Sinaiya ko a kasuwar Omdurman, ya ce a yi masa ƙaramin angarib na itacen sunut, wato bagaruwa, tsawon kamar mita ɗaya, faɗin santimita 60. Abu biyu zai tsaya a kansu. Na ɗaya, saƙar igiyar ta yi tsauri sosai, kada ta lotsa ta zama kamar kwando, domin jaririn da ya nutse a rami haɓarsa takan danne ƙirjinsa, numfashi ya yi masa wuya. Na biyu, idan za a yi masa makari a gefe, tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6, wato kamar yatsu uku na babba. In ya fi haka, jikin yaro zai zurara, kai ya maƙale. Na ga kafintan da ya ce ai faɗin ya fi kyau a ido. Ku ce masa ba ido ne zai kwana a ciki ba.

In kuɗin angarib bai samu ba tukuna, babban kwando mai shimfiɗaɗɗen gindi ya isa na watannin farko. Da babu gara ba daɗi.

Ina da gargaɗi ga maza musamman. Wallahi kada wanda ya tsinci ƙarfe a kango ko a filin masana'anta ya ce zai kai wa mai walda a yi gadon jariri. Unguwannin nan an yi faɗa a cikinsu, akwai harsasai da bama-baman da ba su tashi ba, wasu sun yi tsatsa sun koma kamar bututu. Abin da ba ka san shi ba, kada ka taɓa, ka sanar da masu aikin cire su. Haka jarka da durom da aka samo daga masana'anta: ba ka san abin da suka taɓa ɗauka ba, wanki ba ya fitar da wani sinadarin. Ruwan mai jego a sabon zir, randarmu ta ƙasa, da murfi da moɗa tata ita kaɗai.

Katifa, ki kai tsohuwar auduga wurin munajjid ya shiƙe ta, ki ce masa siririya kike so, mai tauri, daidai bakin gadon, babu rata a gefe. Na san zuciyar uwa taushi take so. To taushin nan shi ne haɗarin. Babu matashi, babu tulin bargo, babu 'yar tsana a cikin gadon. Ki kwantar da shi rigingine, a bayansa, duk lokacin barci, dare da rana. Haboba za ta ce miki zai shaƙe da tumbuɗi. Ki ba ta amsa da ladabi: lafiyayyen jariri yana haɗiye tumbuɗinsa ko ya juya kai, kuma ƙasashen da suka koma kwantar da jarirai a baya tun farkon shekarun 1990 sun ga mutuwar jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai.

Abu ɗaya da ba za ki ɗinka da kanki ba, kuma ba za ki yi rowarsa ba, shi ne namusiya, gidan sauro mai magani. Ki tambaya a cibiyar lafiya inda kike awo. Ki ɗaura shi sama, ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ya miƙe, kada ya sauko ya taɓa fuskar yaro. Damina na zuwa, kwatoci sun toshe, ga zazzaɓin cizon sauro ga na dengi.

Yanzu mu zo kan allura. Ki tattara tsofaffin tob na auduga, naki da na 'yan uwa, da tsohuwar jallabiyar maigida. Tsohon yadi da ya sha wanki ya fi sabo taushi a fatar jariri. Mai santsi irin na roba ki ajiye shi gefe, zafi yake riƙewa, ƙuraje yake kawowa. In kin samu damuriya, saƙin audugar nan tamu ta hannu, to kin gama, sai dai ki wanke ta sau biyu ko uku ta saki.

Ki yanka ƙyallayen kunzugu murabba'i, santimita 60 kowane gefe, ki kalmashe bakin. Ni guda ashirin nake ce wa 'ya'yana su yi, domin sabon jariri yakan ɓata goma a yini, kina wanke rabi rabi na jikinsa. Wanki da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana tsaka. Riguna shida sun isa, masu buɗaɗɗen gaba, ɗinkin ya koma ta waje don kada ya goge shi. Kada ki sa maɓalli ko duwatsun ado, yaro yana fara kai hannu baki sai ya tsinke su. Hula biyu, zanen goyo biyu, majanyi ɗaya mai ƙarfi. In an haife shi bai cika nauyi ba, majanyin nan ki ɗaure shi da shi a ƙirjinki, fata da fata, hula a kansa. Likitocin Bogota a ƙasar Kolombiya suka fara wannan dabara a 1978 saboda ƙarancin kwalabar jarirai, yau duniya duka ta karɓa. Mu da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, ƙirjin uwa ba ya ɗaukewa.

In kin gama ɗinki kin jera a akwati, kada ki jefa kafur a ciki. Ƙwallayen nan farare masu korar asu. Akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, musamman maza, sai shawara ta kama su mai tsanani. In kin ga idon jaririnki ko tafin hannunsa ya yi rawaya, ba maganar shanya shi a hantsi ba ce, asibiti za ki kai shi ranar.

Na san kina jira ki ji ado. Ai ba za mu bar ɗakin kamar kurkuku ba, mu da aka san mu da jere. Ki shimfiɗa birish ja a ƙasa. Ki rataya faifai ko tabak mai launi guda biyu ko uku a bango, ki kafe su da kyau, ba daidai saman kansa ba. Sabon jariri abin da ke nesa da shi kamar santimita 20 zuwa 30 yake gani sosai, wato daga nono zuwa fuskarki, kuma baƙi da fari sun fi jan idonsa. Ki ɗinka 'yan ƙwallaye da ragowar yadi, baƙi da fari da ja, ki cusa musu auduga, ki rataya a sama inda hannunsa ba zai kai ba. Ranar da ya fara yunƙurin tashi da hannuwansa, ki sauke su. Duk wani zare ko igiya, ko na ado ko na tsari, kada ya zagaya wuyansa.

Akwai abubuwan da muka gada waɗanda ni kaina na yi, na daina. Bakhur da sandal, ƙamshin ɗakin mai jego ke nan, kowa ya sani. Shekarun baya an kira ni wani gida da dare, jariri ɗan kwana goma yana numfashi kamar mai gudu. Na shiga ɗakin ban ga bango ba saboda hayaƙi, taga a rufe, kanun na gawayi a gefe. Muka fito da shi tsakar gida, muka kai shi asibiti, Allah ya yi da sauran kwana. Tun ranar nake cewa a turara ɗaki yaro yana waje, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin a mayar da shi. Dukhan ɗinki na itacen talih, idan lokacinsa ya yi, can bayan gida. Gawayi kuwa ba ya kwana a rufaffen ɗaki ko da sanyin Janairu ne.

Kwalli ma haka. Na dutse mai ƙyalli ɗin nan cike yake da dalma. Idon jariri ba ya bukatarsa. Cibiya kuma a bar ta a bushe, a tsabtace, babu toka, babu man goge baki, babu gashi da tsumma. In ungozoma ta ba ki maganin kulohekzidin, a cibiya kaɗai ake shafawa, kada ya kusanci ido. A ƙasar nan tun 1921 aka buɗe makarantar ungozomomi a Omdurman, daya mai horo ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ki san wadda za ki kira da motar da za ta ɗauke ki tun yanzu, kada ki bari sai naƙuda ta tsananta da dare.

Ke ma mai jegon a kula da ke. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, ba mai salula fata ba. Kunun kanwa a sassauta. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da na gado. In ƙafa ta kumbura, numfashi yana yanke miki in kin kwanta, kada ki ce gajiyar haihuwa ce. Shi kuma yaro nono kawai har wata shida, ko ruwa ba ya so, balle a lokacin da kwalara ta zaga gari.

Saura kai, maigida, ɗana. Na ji an ce kunyar simaya ta hana ka barci. A mazhabarmu ta Malikiyya rago ɗaya ne ranar bakwai, namiji ko mace, kuma mustahabbi ne ga mai hali. Ka tambayi limamin unguwarku ya ƙara maka bayani. Kada ka ci bashin tanti da kujeru alhali babu namusiya a ɗaki, babu kuɗin motar asibiti a aljihu. Mutanen da kake jin kunya, jiya tare kuka bi layin takiya da kwano a hannu. Sun san halin da ake ciki.

Ku kuma maƙwabta, nafir ba na gina gida kaɗai ba ne, gayyar ɗinki ma gayya ce. Mace biyar su zauna da yamma ɗaya, kowa da allurarta da tsohon tob, an gama kayan jariri kafin magariba. In kuna da sanduƙ, adashenmu, a ba mai ciki ɗaukar wannan wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yata mai saƙo, ki fara da namusiya da kunzugu a wannan mako, gado a mako mai zuwa, ado daga baya. In kin sauka ki aiko mana mu yi miki barka a iska. Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar abincin mai jego da abin da kasuwa ke da shi yanzu. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya, ya zaunar da Sudan lafiya.