DAJIN GADABEJI DA TSUNTSAYENSHI
Jawabin da anka yi gaban taron ƙungiya



Iyayenmu dattawa, ƴan'uwa na gida da waɗanda sunka zo daga ci-rani, muna gaishe ku. Yau maganarmu bisa daji da tsuntsu take.

Arewa da Dakwaro, cikin jahar Maraɗi, akwai dajin Gadabeji. Tun 1955 anka keɓe shi, faɗinshi hekta 76.000. Daji ne na ciyawa da tudun rairayi da itace jefi-jefi, watau irin ƙasar da kakanninmu sunka sani kafin gonaki su cinye ta. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kiyayewa. A 2018 anka ɗauko raƙuman daji 8 daga Kure, kusa da Yamai, anka kai su can, bayan shekaru da dama babu ko ɗaya.

Wanda ya shiga wurin da sanyin safiya, ya yi shiru, zai iya ganin barewa, da tuje yana tafiya cikin haki, da manyan ungulaye bisa kan itace. Lokacin ɗari kuma baƙi na zuwa daga Turai, tsuntsayen da sunka ƙetare teku da hamada don su yi rani wurinmu. Su ma ƴan ci-rani ne kamarku.

Wani zai ce, mi kallon tsuntsu ke ƙara ma talakka? To, mu duba. Shamuwa in ta dawo daga kudancin Afirka, kowane manomi ya san damana ta kusa, ya gyara iri. Abincinta fara ne, fara kuwa mun san abin da take ma hatsi. Ungulu na cinye mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta ga bisashe. Amma ana kashe ta don magani, ga shi ƙwai ɗaya take yi a shekara. Jimina da dattawa sunka gani da idonsu ta ƙare a dajinmu. Sai da anka koma kiwonta a Kelle, wajen Gure, don kada irinta ya ɓace.

Ga abin da muke roƙo.

Na ɗaya, bayan kaka ƙungiya ta shirya kai ƴan lakwal yawon ganin daji, da izinin ma'aikatan gandun daji. Ba danƙo, ba tarko, ba ashana. Kowane yaro da kaye da alƙalami, ya rubuta abin da ya gani, da wuri da lokaci.

Na biyu, dattawa su raka mu. Littafinmu na da sunayen tsuntsaye da Faransanci, amma ku kun san burtu da gauraka da zalɓe da kukan kowanensu. In ba ku faɗa ma yara ba, sunayen za su tafi tare da ku.

Na ukku, ƴan'uwa na birni su taimaka da kuɗin mota, da madubin hangen nesa ko guda ne.

Na huɗu, mu bar wani yanki na makiyayar garinmu ba noma, mu yi mashi hanyar tare gobara. Inda haki ya tsaya, nan tsuntsu ke ƙwai, nan dabba ke ƙoshi.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Wassalamu.