Jawabin Kwamitin Hatsi a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya, Wad Haddad

 

Dawa, gyaɗa da alkamar da muke lodi zuwa iyakar Habasha da Cadi, daga hawashar ɗan'uwanmu manomi suke fitowa. Da yawanmu kan ba shi kuɗi tun shuka, sai kaka mu karɓi buhu. In gonarsa ta ƙone da ƙishirwa, jarinmu ne ya ƙone.

Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar ake ban ruwa a Jazira, fili fiye da faddan miliyan 2. Ƙasar baƙar laka ce: in ta bushe ta tsage, in ta sha da yawa ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe. Ga tabon da Shuɗin Nilu ke kwasowa daga duwatsun Habasha yana toshe tur'a, na ƙarshen layi ya yi ta jira. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara lalata magudanan.

An taɓa gwada wata dabara a nan. A noman hunturun 2014 zuwa 2015, cibiyar binciken ruwa ta Wad Madani da kamfanin eLEAF na Holan sun riƙa duba gonakin wasu manoma ta tauraron ɗan'adam, suna aika musu saƙon waya kan lokacin ban ruwa. Alkamarsu ta ƙaru.

Shawararmu, ƙungiya ta tara gudummawa a ƙera irin wannan, daidai da mu. Sharuɗɗa huɗu ne. Na farko, saƙon ya zo da murya, Hausa da Larabci, a ƙaramar waya. Na biyu, ma'aunin danshi a binne shi inda saiwa take, don saman laka yaudara gare shi. Na uku, ya yi aiki da hasken rana. Na huɗu, bayanin gona na mai gona ne. Kada ɗan kasuwa ya ga amfani ya yi kyau, ya rigaye shi sani, ya karya masa farashi.

Mu fara da gonaki goma, biyar a bakin tur'a, biyar a ƙarshenta, mu kwatanta a kaka. Mai niyya ya ga ma'aji bayan sallar La'asar.

Allah ya ba mu zaman lafiya da albarkar noma.